Sarakuwar Sauro da Ƙwaron Ɓawo: Me Ya Sa Kora Ta Fi Kisa a Dazuzzukan Kaduna

Akwai wani ɗan tsiro da Bahaushe ya raɗa wa suna sarakuwar sauro. Wanda ya ƙirƙiro sunan nan ya lura da kyau: sauro ba ya faɗuwa matacce idan ya kusanci tsiron, kauce masa yake yi, kamar yadda mutum mai kunya kan sauya hanya idan ya hango surukarsa tafe. A cikin wannan suna akwai wata dabarar yaƙi da ƙwari da masana dazuzzuka a Kanada da Amurka da Turai suka shafe fiye da shekara hamsin suna nazari a kanta. Dabarar ita ce a gano warin da ƙwaro yake gudu, a rataya masa shi a jikin itacen da ake son karewa, ya wuce ya bar shi da rai.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa Kaduna tana da buƙatar wannan tunani tun kafin annoba ta tilasta mata. Garin da idan aka ga garin katako yana zuba daga jikin mangwaro ko maɗaci abin da ake fara nema shi ne kwalbar Sniper, gari ne da bai shirya wa ƙwaron da ke zaune a ƙarƙashin ɓawo ba, inda feshi ba ya kai wa. Kuma abin da ake buƙata don shirin ba shi da tsada kamar yadda za a zata, domin galibinsa yana nan tsakanin Afaka da Samaru.

Yadda ƙwaro mai girman ƙwayar shinkafa ke kayar da itace

Ƙwarin ɓawon itace dangi ne mai nau'i dubbai, kuma mafi yawansu ba sa taɓa itace mai lafiya. Aikinsu a daji shi ne cinye abin da ya riga ya mutu ko yake gab da mutuwa. Kaɗan ne daga cikinsu suka iya kashe itace mai rai, kuma hanyar da suke bi abin mamaki ce.

Mu ɗauki wanda ya fi suna, ƙwaron itacen fayin na yammacin Kanada da Amurka. Tsawonsa bai wuce na ƙwayar shinkafa ba. Mace ce ke fara sauka a jikin itace ta huda ɓawo. Itacen ba ya zura mata ido: yana turo ƙaro mai danƙo da guba ta ramin da ta huda, kuma idan yana da ƙoshin ruwa sau da yawa ƙaron yakan turo ta waje ko ya binne ta. Ita kaɗai ba za ta iya ba. Don haka sai ta ɗauki wani sinadari daga cikin ƙaron da ake yaƙar ta da shi, jikinta ya sarrafa shi ya zama wani ƙanshi da ke yawo a iska yana kiran 'yan'uwanta. Irin wannan ƙanshin saƙo tsakanin halittu masu jinsi ɗaya shi masana ke kira feromon, kalmar da aka ƙirƙira a 1959. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwa ko dubbai sun sauka a kan itace guda, kowa na huda nasa rami, har ƙaron ya ƙare. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Daga nan sai su haƙa hanyoyi a cikin siririn naman da ke tsakanin ɓawo da katako, wanda ta nan abincin itace ke sauka daga ganye zuwa saiwa. Suna kuma ɗauke da wata funfuna da ke toshe jijiyoyin da ruwa ke hawa. Kafin shekara ta zagayo ganyen ya yi ja, itacen ya mutu a tsaye.

A lardin Biritish Kolombiya na Kanada, daga ƙarshen shekarun 1990, wannan ƙwaro ya shafi daji fiye da hekta miliyan 18, wato kusan ninki huɗu na faɗin jihar Kaduna baki ɗaya. Babban dalili shi ne tsananin sanyin hunturu da ke kashe tsutsotsinsa ya ragu, ga kuma dazuzzuka cike da itatuwa iri ɗaya masu shekaru ɗaya. A Jamus da Jamhuriyar Cek, farin da aka yi daga 2018 ya raunana itatuwan katako, wani ɗan'uwan wannan ƙwaro ya bi ta kansu, har katako ya yi kwantai a kasuwa saboda yawan abin da aka sare cikin gaggawa. A duka wuraren biyu darasin ɗaya ne: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙishirwa ita ce ta tsaga bangon.

Saƙon da ke cewa gida ya cika

Kiran taro yana da haɗari ga mai kiran. Idan ƙwarin suka yi yawa fiye da kima a itace guda, 'ya'yansu za su cinye abincin tun kafin su girma. Saboda haka idan itace ya cika, wani ƙanshi na dabam yakan fara tashi daga jikinsa, wanda ƙwarin da ƙananan halittun da ke tare da su ke samarwa. Ma'anarsa ga mai zuwa daga baya ita ce nan babu wuri, nemi wani. A wajen ƙwaron fayin sunan wannan sinadari babinon, kuma ana samunsa ma a cikin man wasu tsirrai masu ƙanshi. A wajen ƙwaron da ke addabar wani babban itacen katako na yammacin Amurka, sinadarin shi ne wanda ake kira MCH.

A 1966 masana a Kalifoniya suka fara tantance sinadaran kiran taro na ɗaya daga cikin waɗannan ƙwari. Bayan 'yan shekaru aka gano na sallama. Daga nan dabara ta bayyana: a zuba sinadarin a 'yar jakar leda da ke sakin ƙanshi a hankali, a maƙala ta a jikin itace kafin lokacin tashin ƙwarin. Mai zuwa ya shaƙa, ya ɗauka gida ya cika, ya wuce. Ba a zuba guba a ƙasa ba, ba ta gangara rafi ba, ƙudan zuma da tsuntsaye da ƙwarin da ke farautar wannan ƙwaro duk suna nan da ransu. Wani lokaci ana haɗa korar da jan hankali: a kore su daga itatuwan da ake so, a kafa tarko mai ƙanshin kira a can gefe. A 1979 ƙasar Norwe ta kafa tarkuna kimanin dubu 600 masu irin wannan ƙanshi a dazuzzukanta, ta kama ƙwari biliyoyi.

Sai dai masu amfani da dabarar sun san iyakarta. MCH ya yi suna wajen aiki mai kyau. Babinon kuwa yana kare itatuwa idan ƙwarin ba su yi yawa ba, amma idan annoba ta kai ƙololuwa yakan gaza, domin mai tsananin yunwa ba ya sauraron sallama. Shi ya sa ake amfani da shi a wuraren da kowane itace ke da daraja, kamar wuraren shaƙatawa da gidaje da itatuwan da ake ɗibar iri, tare da sare waɗanda suka kamu da rage cunkoso. Wannan iyaka ita ce ginshiƙin hujjata: kora tana aiki ne ga wanda ya ga ƙwaron da wuri.

Me ya haɗa Kakuri da wannan labari

Kaduna ba ta ga annoba irin ta Kanada ba, kuma ƙwaron fayin na can ba ya rayuwa a nan. To me ya kawo maganar? Abubuwa uku.

Na farko, muna da dazuzzukan dashe. Tun shekarun 1950 ake gwajin itatuwan waje a Afaka, aka dasa turare da fayin, a Nimbiya ta kudancin jihar kuma aka dasa itacen tik da malaina. Dajin dashe jeri ne na itatuwa iri ɗaya masu shekaru ɗaya, wato irin shimfiɗar da ƙwaro ya fi so. Idan ya iya cin ɗaya, ya iya cin duka.

Na biyu, ƙwarin nan suna tafiya a cikin katako, kuma katako yana tafiya a kwantena. A Janairun 2018 aka ƙaddamar da tashar kaya ta kan tudu a Kakuri, domin kwantenoni su riƙa zuwa daga bakin teku a buɗe su a nan. Wannan ci gaba ne da ake maraba da shi. Amma kayan da ke cikin kwantena sukan zo a kan katakon ɗora kaya ko cikin akwatunan katako, kuma ta wannan hanya ce ake kyautata zaton wani ƙwaro daga Asiya ya shiga jihar Mishigan ta Amurka, inda aka gano shi a 2002, ya kashe itatuwa miliyoyi. A wannan shekarar ce aka amince da ƙa'idar duniya da ta ce a gasa irin wannan katako har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi da magani, a buga masa hatimi. Ƙa'ida kuwa sai da mai dubawa. Katakon da aka kwance daga kwantena a garuruwanmu yakan ƙare ne a hannun kafinta ko a murhun mai tuya, bayan ya kwana makonni a fili kusa da itatuwa masu rai.

Abin ya riga ya faru a nahiyarmu. A 2017 aka gano wani ƙwaro ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, wanda bai wuce milimita biyu ba, a lambun tsirrai na birnin Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu. Yana huda katako ya shuka wata funfuna da yake ci, funfunar ta toshe jijiyoyin itace. Ya bazu zuwa Johanasbag, birnin da ke alfahari da yawan itatuwansa, ya kuma kai yankin Kef. Itacen girki da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri yana cikin manyan hanyoyin yaɗuwarsa. Cikin tsirran da yake hayayyafa a jikinsu har da fiya da zurma, ita kuwa zurma tana tsirowa a kusan kowane kango da bakin kwata a garin nan.

Na uku, mangwaro. Daga 1998 wata cuta ta fara busar da itatuwan mangwaro farat ɗaya a ƙasar Oman, aka kuma gan ta a Pakistan. Funfuna ce, kuma wani ƙaramin ƙwaron ɓawo ne ke ɗaukar ta daga itace zuwa itace. Duk wanda ya san Barnawa da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora ya san matsayin mangwaro a tsakar gida: inuwa ce a watan Maris da Afrilu lokacin da wuta ta ɗauke, kuma kuɗi ne a hannun mai gida idan ya nuna. Itacen da ya ɗauki shekara ashirin yana girma, ba a mayar da inuwarsa da kuɗin diyya.

Mun kuma san yadda baƙon ƙwaro ke yi mana. Wani ƙwaro mai huda katako daga Amurka ta Tsakiya ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, ya bazu zuwa maƙwabta har da Nijeriya, yana mayar da masara da busasshen rogo gari a cikin rumbu. A Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir saboda tsutsar da manoma suka raɗa wa suna Sharon, har masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta tsaya don rashin abin sarrafawa. A duka biyun, tarko mai feromon yana cikin kayan aikin da aka dogara da su wajen gano inda ƙwaron ya kai. A duka biyun kuma, mun san da zuwansa ne bayan ya gama ɓarna.

Tarihinmu da guba

Idan ƙwaro ya zo, hannunmu yakan tafi wuri guda. Lokacin da aka fara dasa turare a yankin nan, babban abokin gaba shi ne gara, wadda ke cinye saiwar dashe. Maganin da aka dogara da shi a wancan zamani shi ne aldirin da diyaldirin, ana cakuɗa su da ƙasar reno. Sun yi aiki, kuma babu adalci a zargi masanan wancan lokaci da abin da duniya ba ta gama sani ba. Daga baya aka tabbatar cewa waɗannan magunguna suna daɗewa a ƙasa shekaru masu yawa, suna taruwa a kitsen dabba da na mutum. Suna cikin sinadarai goma sha biyu na farko da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa wa takunkumi.

A zamaninmu sunan ya sauya, ɗabi'ar tana nan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar sinadarin DDVP a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin Sniper da kuma ota-fiya-fiya da ake haɗawa a kwalabe. A 2019 hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da shaguna. Waken da Turai ta ƙi ba a zubar da shi a teku ba, a tukwanenmu ya ƙare.

Game da ƙwaron ɓawo kuwa, feshi yana da wata matsala ta musamman. Da zarar ya shige ƙarƙashin ɓawo, maganin da aka fesa a waje ba ya isa gare shi. Abin da feshin ke samu shi ne ƙwarin da ke yawo a saman ɓawo suna farautarsa, da ƙudan zuman da ke kan furen mangwaro, da yaran da ke wasa a gindin itacen. Amurka ta koyi wannan da tsada a shekarun 1950, lokacin da ta yi ta fesa DDT a kan itatuwan titunanta don kashe ƙwaron ɓawo mai yaɗa wata cuta. Tsuntsaye suka riƙa mutuwa bayan sun ci tanar da ta sha maganin, cutar kuma ba ta tsaya ba.

Abin da ke hannunmu

Wani zai ce ilimin ƙanshin ƙwari sai ƙasashe masu kuɗi. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta ɓullo da wata hanya a shekarun 1990: a shuka wani tsiro dangin wake mai suna desmodiyam a tsakanin kunyoyin masara, warinsa ya kori malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar kara, a kewaye gonar da wata ciyawa da ke jan hankalinsa. Saiwar tsiron kuma tana danne ƙuduji. Cibiyar ta kuma lura cewa ƙudan tsando ba ya son gwambaza, ta tantance sinadaran warin jikinta, ta zuba su a wani abin wuya da ake rataya wa shanu don rage sammore. Wannan ita ce dabarar babinon, an yi ta a Afirka don matsalar Afirka.

Dogon yaro ma shaida ne. An shigo da shi Borno a 1928, yau babu garin da babu shi a Arewa. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye duk wani kore ta bar dogon yaro. A 1968 aka ware sinadarin da ke hana ƙwaro ci, azadiraktin. Iyayenmu da ke shimfiɗa ganyensa a rumbu tare da toka da barkono ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san aikinsa.

Ga kuma cibiyoyi. A cikin Kaduna akwai cibiyar binciken ƙudan tsando da ciwon barci, wadda ta samo asali tun zamanin mulkin mallaka, aikinta kuwa ya haɗa da sanin abin da ke jan ƙuda zuwa tarko. A Afaka akwai kwalejin tarayya ta koyon aikin gandun daji da tashar gwajin dashe, duka a ƙarƙashin cibiyar binciken dazuzzuka ta ƙasa mai hedikwata a Ibadan. A Samaru akwai tashar binciken dazuzzukan yankin sabana da cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. A Basawa ta Zariya akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa. Masanin ƙwari da masanin itace da masanin sinadari duk suna cikin tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba. Jihohi kaɗan ne ke da wannan gata. Abin da ya rage shi ne a ba su tambaya guda su yi aiki a kanta tare, da kuɗin da zai kai su ga amsa.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai ƙorafi uku da suka cancanci amsa.

Na farko: babban ƙwaron da ke cin dajin Kaduna gatari ne. Gawayi da itacen girki da gine-gine sun ci dazuzzukan da ke kewaye da gari, safarar madobiya zuwa ƙasashen waje ta sa har aka saka itacen cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu a duniya. Wannan gaskiya ne. Amma matsalolin biyu a haɗe suke. Kututturen da aka bari da rassan da aka yasar bayan sara su ne wurin hayayyafar waɗannan ƙwari, motar itacen girki kuma ita ce ke kai su gari. Wanda ke kula da sara yana rage ƙwaro ko bai yi niyya ba.

Na biyu: wa zai shiga daji ya duba tarko? A Maris na 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga kwalejin Afaka kanta. Ma'aikacin daji da ke tsoron ransa ba za a aike shi ƙirga ƙwari ba, kuma babu wanda zai zarge shi. Amma baƙon ƙwaro ba a tsakiyar daji yake fara sauka ba. A tashar kaya yake sauka, da kasuwar katako irin ta Fanteka, da wurin masu sayar da dashe a bakin titi. A Afirka ta Kudu a lambun cikin gari aka fara ganinsa. Wuraren da ya fi dacewa a sa ido su ne waɗanda ake iya zuwa da Keke Napep.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi: sinadarin da ke korar ƙwaron Kanada ba lallai ya kori namu ba. Haka ne, kowane nau'i da harshensa. Duk wanda ya shigo da jakunkunan babinon ya rarraba a Afaka ba tare da gwaji ba, kwangila ya yi, bai yi maganin komai ba. Haka nan kalmar "na gargajiya" ko "na halitta" ba ta isa shaidar inganci ba. Ruwan dogon yaro da aka jiƙa a bokiti ƙarfinsa yakan bambanta daga yau zuwa gobe, rana kuma tana lalata sinadarinsa cikin 'yan kwanaki. Akwai tsirrai masu guba da suka fi wasu magungunan kanti haɗari. Abin da ya kamata mu ɗauko daga waje shi ne tsarin aikin: a san ƙwaron, a san lokacin tashinsa, a gwada abin da yake gudu, a auna sakamako.

Inda za a fara

Matakin farko shi ne tarko, kuma ya fi komai sauƙi. Itacen da ke cikin wahala yakan fitar da sinadarin itanol, ƙwari da yawa na wannan dangi kuma da shi suke gane itace mai rauni. A Amurka an yi aikin sa ido da jama'ar gari, inda aka yi amfani da gorar lemo ta roba da aka yanke wa taga, da man wanke hannu mai itanol a ciki. Tarkuna irin waɗannan a kewayen tashar Kakuri da kasuwannin katako da harabar makarantu, ɗaliban Afaka da na Jami'ar Jihar Kaduna suna kwashe abin da aka kama duk mako biyu ana tantancewa, za su samar da jerin ƙwarin da muke da su da watannin da suke tashi. Wanda ke da wannan jeri shi zai gane baƙo ranar da ya iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, hukumar kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi ta ƙasa ta riƙa duba hatimin katakon ɗora kaya a Kakuri, wanda ba shi da hatimi a ƙona shi a wurin maimakon ya fita kasuwa.

Na uku, duk shirin dashen itatuwa ya ware wani kaso don lafiyar abin da aka dasa. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, dama ce ta yin haka. Mun saba ƙirga dashe ranar biki, ba mu saba komawa bayan shekara uku mu ƙirga waɗanda suka rayu ba. A kuma daina jera iri ɗaya: a cakuɗa maɗaci da tsamiya da ɗorawa da dogon yaro, domin warin itatuwan da ƙwaro ba ya ci yana rikitar da shi wajen gano wanda yake ci, kuma wannan kora ce ta kyauta.

Na huɗu ya rataya a wuyan mai gida. Itace mai lafiya shi ne ke haɗa maganin korar kansa. Mu ne ke raunana shi: muna zuba siminti har gindinsa ruwa ya kasa shiga, muna ƙona shara a jikinsa, muna kafa masa ƙusa don rataya talla, muna saɓe ɓawon maɗaci zagaye don magani har ya rasa hanyar abinci. A bar wa gindi fili, a ba shi ruwa a tsakiyar bazara, mai ɗibar ɓawo ya ɗiba ta gefe guda ya bar sauran. Idan aka ga ƙananan ramuka kamar na allura da garin katako na zuba, a sare reshen da ya kamu a ƙona shi a nan inda yake, kada a sayar wa mai itace ya kai wata unguwa, a kuma kai samfurin ƙwaron ga ma'aikatan gandun daji.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar hukuma ko sabon gini. Suna buƙatar a yarda cewa inuwar da ke kan titunan Barnawa da tsakar gidajen Sabon Tasha dukiya ce da wasu suka dasa ba su sha ba, kuma tana iya ƙarewa cikin damina uku idan baƙon ƙwaro ya same mu ba mu san ko sunan na gida ba. Kuɗin tarkuna ɗari na shekara guda bai kai kuɗin sare manyan itatuwa kaɗan da suka mutu a tsaye a kan wayar lantarki ba. Majalisar jiha da ma'aikatar muhalli suna iya sa wannan layi a kasafin baɗi, kuma ya kamata masu karatun wannan shafi da ke aiki a waɗannan ofisoshi su tambayi dalilin da ya sa babu shi.